Shin Ko Kun San? Ranar da Ake Fara Kwalliyar Kirsimeti

Shin ko kun san cewa a ƙasar Filifin tun ranar 1 ga Satumba gidajen rediyo da manyan kantuna suke fara sakin waƙoƙin Kirsimeti? Daga nan sai a fara rataya fitilar nan tasu mai siffar tauraro a ƙofar gida da taga, wadda tun asali da tsinken gora da takarda mai launi ake haɗa ta, kuma ba a sauke ta sai Janairu ya kama. A Jamus kuwa, tsohuwar al'ada ita ce ba a taɓa bishiyar Kirsimeti sai yammacin 24 ga Disamba. Iyaye su kulle ƙofar falo, su yi wa bishiyar ado su kaɗai, su kunna kyandirori, sannan a kaɗa 'yar ƙararrawa yara su shigo da gudu. Kwana 114 ke tsakanin ranar farko ta mutanen Manila da ta tsofaffin Jamusawa, alhali biki ɗaya suke yi.

Me ya kawo wannan tazara? Ko kun san coci ba ta taɓa yanka wa kowa ranar rataya kayan ado ba? Abin da ta tsara shi ne lokacin shiri da jira kafin bikin, wanda ake kira Adbent. A cocin Katolika da yawancin cocin Yammacin Turai, yana farawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, don haka kullum yana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A da can lokaci ne na kame kai da rage ci. Har gobe Kiristocin Masar da na Habasha suna azumin kwana 43 kafin Kirsimetinsu, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Mai karatun da ya san azumi da Sallah ba ya bukatar dogon bayani a nan: ba a sa kayan Sallah ranar goma ga azumi, ko da tela ya gama ɗinki. Haka Kiristocin farko na Turai suka ɗauki lamarin. Sai an gama jira ake ado, kuma bikin kansa daga 25 ga Disamba yake farawa ya yi kwana goma sha biyu.

Bayan addini akwai dalili na biyu, kuma a jikin itacen yake. Bishiyar Kirsimeti ta ainihi sarowa ake yi daga daji ko gona, irin itatuwan nan masu siraran ganye da ba sa kaɗewa ko da sanyi ya kai maƙura. Da zarar an sare ta, ta kama hanyar bushewa. Ko ana zuba mata ruwa kullum a mazubin da aka kafa ta, da wuya ta wuce mako huɗu zuwa biyar tana da ɗanyen ganye. To ku ɗora a kan haka cewa kyandir mai ci da wuta ake maƙalawa a rassanta. Shi ya sa a gidajen da, ana ajiye bokitin ruwa kusa, a kunna kyandir na ɗan lokaci kowa yana kallo, a kashe. Wanda ya kafa irin wannan bishiya tun Nuwamba, kafin ranar biki ya tara wa kansa makamashi a tsakiyar ɗaki.

Shin ko kun san takardun garin Selestat, a yankin Alsas da ke Faransa a yau, sun nuna cewa a shekarar 1521 an biya masu gadin daji don su tsare itatuwa daga ranar 21 ga Disamba? Ashe tun a lokacin, sai saura kwana huɗu mutane suke dosar daji da gatari. A 1605 kuma wani marubuci ya bayyana yadda mutanen Strasbourg suke kafa bishiya a ɗaki, su rataya mata furannin takarda da tuffa da alewa. Biranen Riga da Tallinn kowanne na iƙirarin shi ne ya fara, ɗaya yana kafa hujja da 1510, ɗayan da 1441, kuma har yanzu ba wanda ya sallama wa ɗan'uwansa.

Labarin da ya fi kwanta mini a rai duk cikin waɗannan shi ne na wani malamin coci a Hamburg mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda ke riƙe da gidan renon yaran talakawa. Yaran sun dame shi da tambaya, kullum sai sun ce saura kwana nawa. A 1839 ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ta katako, ya jera mata kyandirori a kewaye: ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare guda huɗu na ranakun Lahadi. Kowace rana a kunna ɗaya. Yaro ya duba da idonsa ya ga nawa suka rage, hasken ɗakin kuma yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ranar ta zo. Daga nan aka samo zoben ganye mai kyandir huɗu da ake gani a coci-coci da gidaje a yau. Abin da ya burge ni shi ne mutumin bai matso wa yaran da bikin kusa ba. Ya dai ba su abin da za su ƙirga jiran da shi, har jiran ya zama abin marmari.

Ingila ta makara wajen karɓar bishiyar. Sarauniya Charlotte, wadda Bajamushiya ce, ta kafa ɗaya a Windsor a 1800, amma sai a 1848, da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert da 'ya'yansu tsaye kewaye da bishiya, sannan jama'a suka ɗauka. Kafin nan ma an yi zamanin da bikin kansa laifi ne. Majalisar Ingila ta soke shi a 1647. A yankin Massachusetts na Amurka, daga 1659 zuwa 1681, duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti tarar sule biyar ce a kansa. A Sikotlan sai 1958 ranar ta zama hutun gwamnati.

To wa ya jawo ranar ado ta dawo baya haka? Na farko, lantarki. A Disamban 1882, Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya naɗa ƙwayayen lantarki 80 masu launin ja da fari da shuɗi a bishiyar gidansa a Niyok. A 1903 kamfanin General Electric ya fara sayar da ƙwayaye haɗe a waya ɗaya, sai dai ka saya ka jona. Na biyu, bishiyar da ba ta bushewa. Jamusawa ne suka fara yin ta da gashin dinya da aka rina kore tun ƙarni na 19, yanzu kuma ta roba ce ta cika duniya. Da kyandir ya kau, itace kuma ya zama roba, babu sauran abin da zai hana mutum yin adonsa tun Oktoba sai al'ada da kunyar maƙwabta.

Na uku kuma, wanda ya fi su ƙarfi, kasuwa. Shin ko kun san shugaban Amurka guda ya taɓa matsar da ranar hutun ƙasa don a tsawaita cinikin Kirsimeti? A Amurka akwai bikin Godiya da ake yi a Nuwamba, kuma a wancan zamani abin kunya ne kanti ya fara tallan Kirsimeti kafin a yi shi. An saba yin sa ranar Alhamis ta ƙarshe a wata. A 1939 Nuwamba ya zo da Alhamis biyar, ta ƙarshen ta faɗo ranar 30 ga wata. Masu manyan kantuna, da ba su gama farfaɗowa daga karayar tattalin arziki ba, suka kai kuka cewa kwanakin ciniki sun yi kaɗan. Shugaba Franklin Roosevelt ya dawo da bikin ranar 23. Ƙasa ta rabu biyu. An riga an buga kalanda, makarantu sun tsara hutu da wasannin ƙwallo. Wasu jihohi suka bi shi, wasu suka ƙi, 'yan kaɗan suka yi duka biyun. Sai a ƙarshen 1941 majalisa ta yanke cewa Alhamis ta huɗu ce, kuma a kan haka ake har yau. Washegarinta ita ce Juma'ar rangwamen nan da yanzu har kantunan intanet na Najeriya suke tallatawa.

In kuna son ganin yadda ranar ta yi ta ja da baya, ku dubi bishiyar dandalin Rockefeller a Niyok. Ta farko, a 1931, leburorin da ke gina wurin ne suka kafa ta da kuɗin aljihunsu, 'yar ƙarama mai tsawon kamar mita shida, kuma hoton da ya shahara nata ranar jajibiri aka ɗauke shi, suna layin karɓar albashi a gefenta. Ta yanzu tun tsakiyar Nuwamba ake shigo da ita birni a kan tirela, a naɗa mata ƙwayaye sama da 50,000, a kunna ta ranar Laraba ta bayan bikin Godiya.

Kantin Selfridges na Landan ya wuce nan. A 2019 ranar 29 ga Yuli ya buɗe sashen kayan Kirsimeti, saura kwana 149, mutane na yawo da 'yar shara saboda zafi. Kantunan Nordstrom na Amurka su kuma a shekarun baya sun yi suna da akasin haka: ba sa rataya komai sai an gama bikin Godiya, har takarda suke liƙawa a ƙofa suna sanar da masu saye. Ina ganin sun fi gaskiya, domin ranar da ɗan kasuwa ya ga ta dace da aljihunsa ba lallai ta dace da gidan mai saye ba. Iyayen da ba su da hali su ne suke ɗanɗana kuɗar wannan gaggawa, tunda yaro ya fara ganin kayan wasa a taga wata biyar kafin uban ya san inda kuɗin shinkafa zai fito.

Shin ko kun san inda Kirsimeti ya fi saurin zuwa a duniya gari ne da yawancin mutanensa ba sa bikin? Yiwu, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, garin da 'yan kasuwarmu na Kano da sauran wurare suka sani sarai wajen saro kaya. Masana'antu ɗaruruwa da ke kewayensa ne suke yin fiye da rabin kayan adon Kirsimeti na duniya: bishiyar roba, jar hula, ƙwallayen ƙyalƙyali, igiyoyin ƙwayaye. Masu saro kaya daga ƙasashen waje tun farkon shekara suke fara ba da oda, aiki ya yi zafi a watannin Yuni zuwa Agusta, kwantenoni su hau jirgin ruwa kafin Oktoba. A lokacin da wani a Landan yake gardamar ko ya yi wuri a rataya ado, ma'aikacin da ya liƙa masa ƙyalƙyalin ya daɗe da gama nasa aikin.

Gwamnati ma takan sa hannu, kuma ba kasafai take yi don Allah ba. A farkon Satumban 2024, makonni kaɗan bayan zaɓen da aka yi ta rikici a kansa, Nicolás Maduro, shugaban Benezuwela a lokacin, ya fito a talabijin ya ce Kirsimeti zai fara ranar 1 ga Oktoba. Aka ƙawata tituna da gine-ginen gwamnati. Shugabannin cocin Katolika na ƙasar suka fito suka ce ba a mayar da bikin addini kayan siyasa. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet kuwa hana bishiyar aka yi a ƙarshen shekarun 1920, sai a ƙarshen 1935 aka dawo da ita da sunan bishiyar Sabuwar Shekara, da jan tauraro a kanta. Shi ya sa har yanzu Rashawa da yawa sai ƙarshen Disamba suke kafa tasu, su bar ta har 14 ga Janairu.

Duk da haka ba kowane mai saurin ado ne kasuwa ta ja ba, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Miliyoyin 'yan Filifin suna aiki a Saudiyya da Dubai da Hong Kong da cikin jiragen ruwa. Kwalin tsarabar da za su aika gida ta teku yakan yi makonni, wani lokaci watanni, a hanya, don haka Satumba ne lokacin da suke fara shiri, na gida kuma su fara ƙirgen dawowar uwa ko uba. A arewacin Turai kuma duhu ne. A Oslo, hasken rana a tsakiyar Disamba bai fi awa shida ba. A Tromso, can sama da ita, rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Mu da rana ke yi mana awa goma sha ɗaya da ɗoriya ko a tsakiyar hunturu, ba za mu ga laifin wanda ya jera fitila a taga tun Nuwamba ba.

Wasu ƙasashe sun riƙe ranarsu gam. Italiya, 8 ga Disamba. Mutanen Milan, 7 ga wata, ranar waliyyin birninsu. Kolombiya, daren 7 ga wata, inda kowa ke jera ƙananan kyandirori a bakin titi da ƙofar gida. A Holan gidaje da yawa ba sa kafa bishiya sai an wuce bikin kyautar yara na 5 ga Disamba. A Landan, bishiyar dandalin Trafalgar, wadda birnin Oslo ke aikowa kowace shekara tun 1947 don godiya kan taimakon da Birtaniya ta yi wa Norwe a yaƙin duniya na biyu, ranar Alhamis ta farko a Disamba ake kunna ta. A gidajen Italiya da Sifen da Kudancin Amurka kuma akwai wata ɗabi'a mai kyau: a shirya 'yan mutum-mutumin da ke nuna wurin haihuwar, da tumaki da makiyaya da komin dabbobi, amma a bar komin babu kowa a ciki har sai daren 24 ga wata.

Ko kun san Japanawa, waɗanda Kiristoci 'yan ƙalilan ne a cikinsu, sun fi kowa saurin saukewa? A daren 25 ga Disamba ma'aikatan kantuna suke kwashe kayan Kirsimeti, kafin gari ya waye an maye gurbinsu da adon gora da ganye na Sabuwar Shekara. Shi ma yana da ƙa'ida: ana gudun kafa shi ranar 29 saboda camfin da ke tattare da lambar tara, ana gudun ranar 31 domin adon dare ɗaya raini ne. Ranar 28 aka fi so.

Musulmi ma suna da nasu. A Alƙahira, tun tsakiyar Sha'aban fitilun azumi na kwano da gilashi mai launi suke cika rumfunan da ke kusa da Bab Zuwaila da unguwar Sayyida Zainab, yara kuma su ɗaura igiyoyin takarda daga baranda zuwa baranda. Fitilun roba na ƙasar Sin sun so su kashe wa maƙeran gida kasuwa, har gwamnatin Masar ta hana shigo da su a 2015. A 2023 aka fara ƙawata wani titi a tsakiyar Landan da fitilun Ramadan. Da yake watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, lissafi ya nuna cewa a 2033 Ƙaramar Sallah za ta faɗo cikin makon Kirsimeti, kamar yadda ta yi a shekarar 2000.

A nan gida fa? Kalaba ce ta fi yin suna: tun da Gwamna Donald Duke ya kafa bikin kanibal a 2004, da kunna katafariyar bishiya ake buɗe watan Disamba. A Legas, titin Ajose Adeogun da bankin Zenith ke ƙawatawa yakan haska tun wajen ƙarshen Nuwamba. A Jos da Kaduna da Kafanchan da Sabon Garin Kano, abin da na fi gani shi ne ɗinki da shinkafa da kaza da kuɗin motar zuwa gida sun fi bishiya muhimmanci. Matasa da 'yan zumuntar mata su ne suke share coci, su ɗaura ribon da balan-balan a makon ƙarshe, wanda ya samu hali ya sake wa gida fenti. Abin da zan roƙa kawai shi ne a tuna cewa lokacin ya zo daidai da hunturu, sa'ar da komai ya bushe. Igiyar ƙwayaye mai araha siririyar waya gare ta, kuma wutar da aka ɗauke takan dawo da ƙarfi. Kada a tara su duka a soket ɗaya, kada a bar su jone a kwanta, kada kyandir ya kusanci labule. A Amurka, inda ake tattara alƙaluma, kaso mai tsoka na gobarar bishiyar Kirsimeti a Janairu yake faruwa, bayan itacen ya gama bushewa an kuma yi kasalar fitar da shi.

Saukewar ma ba a kan rana ɗaya aka tsaya ba. Turawan Ingila sun ce daren 5 ko ranar 6 ga Janairu, wanda ya wuce nan ya jawo wa gidansa rashin sa'a, alhali kakanninsu har 2 ga Fabrairu suke barin ganyen ado. Mutanen Suwidin sai 13 ga Janairu, inda yara ke cinye alewar da ke jikin bishiya, a yi rawa a kewaye ta, a fitar da ita waje. A lokacin da wasu ke saukewa wasu ba su ma fara ba: Habasha da Kibɗawan Masar 7 ga Janairu suke yi, Armeniyawan Ƙudus kuma sai 19 ga wata, abin da ya sa garin Baitalami yake ganin Kirsimeti sau uku.

Ina bishiyoyin suke ƙarewa? Ta dandalin Trafalgar niƙe ta ake yi a mayar taki. Ta Rockefeller, tun 2007, yanka ta ake yi katako a ba ƙungiyar Habitat for Humanity mai gina wa marasa galihu gidaje. A Balin kuwa, waɗanda suka yi kwantai a hannun masu sayarwa gidan namun daji ake kai su a farkon Janairu, giwaye su kakkarya su cinye. Ba a karɓar wadda ta fito daga gidan mutane, don gudun kada dabba ta haɗiye guntun waya ko ƙyalƙyali.